Gardamar Saiwar Eriya: A Auna da Mudu Ɗaya

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo cikin ƙungiyar kimiyya ta wannan kwaleji, har jama'a sun rabu gida biyu, kowane gida yana ganin wautar ɗan'uwansa. Maganar kuwa a kan waya ce. An yi niyyar kafa tsayayyar eriya irin ta masu rediyon sha'awa a gidan da waɗansunmu su ke haya a Jikwoyi lokacin koyon aikin koyarwa, amma an kasa shiryawa a kan abin da za a shimfiɗa a gindinta. Gida ɗaya ya ce a binne wayoyi masu yawa cikin ƙasa kamar yadda manyan tashoshin watsa labarai su ke yi. Ɗaya gidan ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, wayoyi huɗu sun isa muddin an ɗaga su sama bisa sanduna. Akwai ma 'yan tsiraru da su ke cewa duk wahalar banza ce, a kafa turken ƙarfe guda, a zuba masa gawayi da gishiri yadda masu haɗa wutar gida su ke yi, shi ke nan.

Ni ban zo in ba wani gida gaskiya ba. Abin da na zo in faɗa shi ne, har yau babu gidan da ya kawo shaidar da alƙali mai hankali zai karɓa, saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su riƙe kuɗin nan tukuna, kada a sayi wayar da ta wuce ta gwaji sai an yi gwajin, ya kuma zama gwaji na adalci. Wayar jan ƙarfe ba ta da araha. Wayoyi huɗu masu tsawon mita 10 waya ce ta mita 40, amma wayoyi 64 masu wannan tsawo mita 640 ke nan, watau ninki 16. Kuɗin kuwa karo-karo ne na ɗalibai, kowa ya san yadda ya same shi. Ban da kuɗi ma, mu ne za mu tsaya gaban yara gobe mu ce musu kimiyya gwaji ce. In mun raba tamu gardamar da ƙarfin murya, da wane ido za mu dube su?

Bari in yi wa waɗanda ba su cikin ƙungiyar ɗan bayani, don kada mu bar su a baya. Masu rediyon sha'awa mutane ne da su ke karɓar lasisi daga gwamnati, su harhaɗa tasharsu a gida, su yi magana da takwarorinsu na nesa, ba don ciniki ba sai don son sani. Kowace ƙasa tana da alamar kiranta. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, a zamanin mulkin Turawa kuwa tamu ZD2 ce. Eriyar da mu ke magana a kanta sanda ce ta ƙarfe da a ke miƙe wa tsaye, tsawonta rubu'in zangon da za a yi magana a kansa. Ga zangon mita 40 sandar wajen mita 10 ce, ga zangon mita 20 kuwa wajen mita 5. Tun a shekarar 1895 Markoni ya gane a Italiya cewa in ya ɗaga waya sama ya haɗa ɗaya ɓangaren da ƙasa, saƙonsa ya fi tafiya nesa. Sandar da ka ke gani rabin eriya ce kurum, ɗaya rabin yana ƙarƙashin ƙafarka. Wutar da ta fita daga sanda tilas ta komo gindin sandar, hanyar komowarta kuwa ita ce ƙasa. Ƙasa ba ta ba wuta hanya da daɗi, takan cinye wani kashi ta mai da shi zafi. Don haka a ke shimfiɗa wayoyi daga gindin sanda zuwa kowace fuska, su zama wa wutar hanyar mota maimakon ta bi daji. Da ya ke sun yi kama da saiwar itace, bari mu kira su saiwoyi.

To, ga shaidar da na fi jin ana kawowa. Wani ya ce ɗan'uwansa ya yi saiwa huɗu a sama, ya kira wani a Maraɗi, aka ce masa ana jinsa garau kamar yana cikin ɗaki. Wani kuma ya ce malaminsa ya binne saiwa talatin, ranar da ya gama har Ingila aka ji shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakansa ana sauraron sashen Hausa na BBC a gajeren zango ya san amsar wannan. Murya takan cika ɗaki, jim kaɗan ta dusashe har sai an kai kunne jikin akwati, sa'an nan ta komo, alhali ba wanda ya taɓa eriyar gidan rediyon. Saƙon gajeren zango yakan hau sama ne ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, kana ya sauko, rufin nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yana sakewa da safe da yamma, da rani da damina, har ma da halin da rana kanta ta ke ciki. Ana auna ƙarfin saƙo da desibel. Desibel 3 shi ne ninki biyu na ƙarfi, desibel 6 ninki huɗu. Lamba ɗaya a agogon akwatin karɓa, wadda abokinka na Maraɗi zai duba ya faɗa maka, bisa ƙa'ida desibel 6 ce, akwatuna da yawa ma ba su bin ƙa'idar sosai. Bambancin da mu ke gardama a kansa tsakanin shiri mai kyau da wani shiri mai kyau sau da yawa bai wuce desibel ɗaya ko biyu ba, sama kuwa tana iya motsa saƙo da desibel goma cikin minti guda. Ka ga ashe mai kawo wannan shaida yana so ya auna gishirin miya ne da sikelin auduga.

Shaida ta biyu ta fi wannan haɗari, gama tana zuwa da lamba, mutum kuwa yakan ji kunyar musu da lamba. Akwai wani agogo da a ke kira SWR, wanda ke nuna ko eriya ta dace da na'urar aikawa. In ya nuna 1, an dace sarai. Sai ka ji mutum yana alfahari cewa nasa shirin ya ba shi 1 cif. Bari mu yi lissafin aji uku. Na'urorinmu da kebul ɗinsu an yi su ne don turjiyar om 50. Sandar rubu'in zango, in da ƙasar da ke gindinta ba ta cin kome, turjiyarta wajen om 36 ce, agogon kuwa zai nuna wajen 1.4. Yanzu a ce ƙasa tana ƙara om 14 na hasara. 36 da 14 sun zama 50, agogo ya nuna 1, mai eriya ya yi murna, alhali cikin kowane wat 100 da ya aika wat 28 suna ɗumama tsutsotsin ƙasa ne. A ce kuma hasarar ta kai om 36, watau rabin ƙarfin duka yana salwanta. Jimla om 72 ke nan, agogo zai sake nuna wajen 1.4, daidai da abin da ya nuna ga eriyar da ba ta hasarar kome! Agogon bai yi ƙarya ba, tambayar da ba tasa ba aka yi masa. Wani Ba'amurke mai suna Jerry Sevick ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa in kana ƙara saiwoyi kana auna turjiyar kanta, za ka ga tana saukowa tana nufar om 36. Wannan ya fi duban SWR amfani nesa, yau kuwa akwai ƙaramar na'ura mai suna NanoVNA, ba ta fi tafin hannu ba, wadda ke yin wannan awo.

Shaida ta uku ba ta bukatar dogon zance. Ita ce a kafa eriya ɗaya a gidan wane, ɗaya a gidan wane, a ce a ga wadda ta fi. Wannan gida yana kan tudun marmara, wancan yana gefen rafi. Wannan yana da tankin ruwa na ƙarfe da rufin kwano a kusa, wancan wayar lantarki ta ratsa ta kansa. Gidaje aka gwada, ba saiwoyi ba.

Waɗanda su ka riga mu cikin wannan aiki ba haka su ka yi ba. A shekarar 1937 injiniyoyi uku na kamfanin RCA a Amurka, George Brown da Lewis da Epstein, su ka buga sakamakon gwajin da har yau a ke komawa gare shi. A fili ɗaya su ka yi shi, a kan megahaz 3. Su ka binne saiwa 2, su ka auna ƙarfin saƙo daga wani wuri can nesa kaɗan, sa'an nan 15, sa'an nan 30, da 60, har 113, su ka kuma gwada tsawo iri uku, ƙafa 45 da 90 da 135. Abin da su ka gano ya cancanci kowane gida ya ji. In saiwoyinka kaɗan ne, ƙara musu tsawo ba ya ƙara maka wani abin kirki, sai in suna da yawa tsawon ke biyan kuɗinsa. Daga wannan aiki ne hukumar sadarwa ta Amurka ta ɗauki saiwa 120 ta zama ƙa'ida ga tashoshin matsakaicin zango. Gidan masu binnewa suna da tushe ke nan. Amma su tuna, wannan ƙa'ida an yi ta ne don tashar da ke da fili kadada-kadada da kuɗin kamfani, ba don ɗaliban da ke haya ba.

Gidan masu ɗagawa ma suna da nasu tushen. A 1988 Al Christman ya buga lissafin kwamfuta da ya nuna saiwoyi huɗu a sama za su iya yin aikin masu yawa da ke cikin ƙasa. Aka yi shekaru ana musu, waɗansu su gwada su ce gaskiya ne, waɗansu su gwada su ce ƙarya ne, kamar dai yadda mu ke yi yanzu. Sai wani injiniya mai suna Rudy Severns a jihar Oregon ya ɗauki wahalar aunawa sosai, ya buga sakamakon a mujallar QEX a 2009. Ya yi aikinsa a kan megahaz 7.2, da sanda ɗaya a fili ɗaya, da eriyar karɓa a kafe wuri ɗaya, don kada sama ta sa baki. Ya sami cewa saiwa huɗu da aka ɗaga inci 48 daga ƙasa sun yi kusan daidai da 64 da aka shimfiɗa a kan ƙasa, bambancin bai kai rabin desibel ba. Kafin 'yan'uwana su fara tafi, su ji sauran. A 2012 shi wannan mutum ya sake rubutu yana gargaɗi cewa saiwoyi kaɗan a sama ba su da haƙuri ko kaɗan. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo, ko akwai ƙarfe kusa da ɗaya, sai wuta ta karkata gefe guda, ribar ta zube. Ya kuma gano wani abin mamaki ga saiwoyi huɗu da ke kwance a ƙasa, da ya rage tsawonsu da wajen kashi ɗaya cikin uku sai saƙo ya ƙaru, gama ƙasa tana sake wa waya zangon da ta dace da shi. Wa zai taɓa zaton a yanke waya a sami ƙari, in ba an auna ba?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce tun da masana sun riga sun auna da na'urori masu tsada, me ɗalibi zai ƙara, mu ɗauki amsarsu mu huta. Ai amsarsu ta ƙasarsu ce. Kowane ɗayansu ya auna ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta Jikwoyi ba. Duk wanda ya bi hanyar Nyanya da Karu zuwa Jikwoyi, ya wuce Kurudu da Orozo har Karshi, ya ga irin ƙasarmu, jar ƙasa da marmara, ga duwatsu sun leƙo nan da can, ga kwari mai laima a tsakani. Ƙasar nan kuma ba halinta ɗaya ba cikin shekara. Daga Afrilu zuwa Oktoba tana shan ruwa ta ƙoshi, daga Nuwamba ta soma bushewa, kafin Maris ta zama kamar tubali, sai da diga. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya ba wuta hanya ƙwarai da gaske. Shirin da ya wadatar a Agusta yana iya gazawa a Fabrairu. Lissafin kwamfuta ma bai fid da mu ba, gama abu na fari da zai tambaye ka shi ne halin ƙasarka, in ka ba shi lambar da ka kwaso daga littafin wata ƙasa, amsar wata ƙasa zai ba ka.

Akwai kuma maganar fili. Fuloti irin wanda aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, watau wajen mita 15 da mita 30. Saiwoyin zangon mita 40 suna bukatar da'ira mai faɗin mita 20. Ko ba a gina kome a fulotin ba, ba za ta shiga ba, balle ga ɗakuna ga rijiya ga igiyar shanya. Don haka shawarata a koma zangon mita 20, inda sanda da saiwoyi duk mita 5 ne. Naɗin waya ɗaya na mita 100 ya ishe mu gwaji. A yanka 16 na shimfiɗawa a ƙasa, mita 80 ke nan, sauran mita 20 a yi huɗun da za a ɗaga.

Yadda na ke ganin ya kamata a yi shi ne a roƙi aron filin ƙwallo na wata makaranta ran Asabar, a tafi da mai lasisi, gama ba a aika saƙo sai da shi. A yi aikin a tsakiyar fili nesa da gine-gine, a ajiye akwatin karɓa a ɗaya ƙarshen, wajen mita 100, kusan zango biyar ke nan, kada a ƙara taɓa shi har a tashi. Ya zama akwati ne mai nuna desibel a lamba, irin ƙaramin nan da a ke soka wa kwamfuta ya isa, a kuma kashe abin nan nasa da ke daidaita ƙarar murya da kansa, in ba haka ba zai shafe bambancin da mu ke nema. Na'urar aikawa ta ci batir, gama wutar gari da ta janareta hawa su ke suna sauka. Kebul ɗin da ke kai wuta ga sanda a nannaɗe shi a zoben da ke hana wuta bin bayansa. In ba a yi haka ba, kebul ɗin zai zama saiwa ta biyar a ɓoye, ga mai saiwa 16 ba wani abu ba ne, amma ga mai huɗu babban taimako ne da bai biya ba. 'Yan kallo kuma su ja da baya lokacin awo, jikin ɗan Adam ruwa ne da gishiri, eriya tana jin kusantarsa.

Kafin a gwada shirin kowa, a fara gwada ma'aunin. A haɗa shiri ɗaya a auna, a kwance shi a sake haɗawa a auna, har sau biyar. Lambobin ba za su zo daidai ba, za a sami ɗan tazara tsakanin babba da ƙarama. Wannan tazara ita ce iyakar ganin ma'auninmu. Duk bambancin da bai wuce ta ba tsakanin shiri biyu, sunansa kunnen doki, kome zafin da wani zai ji. Haka kuma in an gama zagaye, a koma shirin da aka fara da shi a sake aunawa. In ya ba da abin da ya bayar da safe, madalla. In ya sake, to wani abu ya motsa da ba mu lura ba, ko batir ya yi sanyi, ko raɓar safe ta bushe, awon ranar sai a sake shi.

Yanzu ga wurin da na ke so malamanmu na kimiyya su taya mu tunani, gama a nan ne adalci ke da wuya. An koya mana cewa gwajin adalci shi ne a sake abu ɗaya a bar sauran yadda su ke. Gaskiya ne, amma eriya ba ta yarda da wannan cikin sauƙi. Da ka ɗaga saiwoyi sama, gindin sandar ma tilas ya ɗagu. Zangon da eriyar ta dace da shi ya gusa, turjiyarta ta sake, saboda haka ƙarfin da ke shiga cikinta ma ya sake. Hannunka abu ɗaya ya taɓa, amma abu uku sun motsa. Wanda ya ce shi ba zai gyara kome ba don kada ya ɓata gwaji, ya riga ya ɓata shi, gama ya daidaita eriyar da shirin farko, ya bar na biyu yana gudu da takalmin wani. Abin da ya wajaba ya zauna daram shi ne ƙarfin wutar da ta shiga eriya da kuma zangon, ba yadda kayan su ke a ido ba. Saboda haka kowane gida a ba shi lokaci daidai ya gyara shirinsa iyakar iyawarsa, masu ɗagawa su daidaita tsawon huɗunsu, masu shimfiɗawa su ma in sun ga dama su datse nasu, kana a auna ƙarfin da ke shiga a rubuta, a cire bambancinsa cikin lissafi. Kada kuma a bar abokin gaba ya haɗa shirin da ya ke ƙi. Wanda ba ya son tuwo ba a ba shi tuƙi ranar gasa.

Sai kuma a shirya tun da wuri a kan abin da a ke nufi da daidai. Daidai a yawan saiwoyi, ko a tsawon waya, ko a kuɗi? Saiwa 16 na mita 5 da saiwa 8 na mita 10 waya ɗaya su ka ci, amma ba shiri ɗaya ba ne. Huɗu a sama sun fi arahar waya, amma suna cin sanduna da abin raba waya da sanda da igiyar ɗauri. Ni a ganina, ga mutane irinmu, ma'aunin da ya dace shi ne naira, watau wane shiri ne ya fi ba da saƙo a kan kuɗin da ke hannunmu. Wani yana iya ganin dabam, ba laifi, amma a rubuta abin da aka shirya a kansa a littafin ƙungiya, kowane gida ya sa hannu, tun ba a kunna kome ba. Na lura mutum in ya ga lamba ba ta bi shi ba, nan da nan yakan tuna cewa ai da ma ba wannan ce tambayar ba.

Mu da mu ka yi makarantar mishan mun san labarin Daniyel da abokansa a fadar sarkin Babila, yadda su ka roƙi a ba su kayan lambu da ruwa kwana goma, sa'an nan a gwada su da samarin da ke cin abincin sarki. Tsarin yana da kyau, ga lokaci an yanka, ga waɗanda za a gwada da su, ga alƙali an sa tun farko. Amma mai nazarin kimiyya na yau zai ce da saura, gama su ne su ka zaɓi kansu, mai dubawan kuma ya san wanda ya ci me. Maganin wannan Ronald Fisher ya kawo shi, wanda ya yi aiki a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila, ya kuma buga littafinsa a kan tsara gwaji a 1935. Ya ce a bar ƙuri'a ta zaɓi wane iri za a shuka a wane yanki, a kuma maimaita, don kada yanki mai taki ya faɗa wa irin da mai gwaji ke so. Wanda ya je cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya zai ga ƙananan fegi-fegi jere da juna a kan wannan tsari. Mu ma ƙuri'a ce za ta faɗi shirin da za a fara aunawa da wanda zai biyo, a yi zagaye uku ko huɗu, kowane zagaye da sabuwar ƙuri'a. Mai karanta lamba kuma ya juya wa filin baya, a ce masa kurum karanta, kada ya san na wa a ke aunawa. Ba don muna zargin wani da ƙarya ba ne. Lamba ce mai rawa, ido kuwa yakan tsaya a inda zuciya ta ke so.

Shirin turke da gawayi ma a sa shi cikin ƙuri'a, a ba shi haƙƙinsa. Ina tsammanin zai sha kaye, gama wutar rediyo tana komowa ne ta faɗin ƙasar da ke kewaye da sanda, mita da yawa kowace fuska, ba ta rami ɗaya ba, bokitin ruwan gishiri kuwa bai jiƙa ko taki biyu ba. Amma tsammanina ba shaida ba ne, kamar yadda na kowa ba shaida ba ne. Kome sakamakon, turken nan ba za a cire shi ba, aikinsa dabam ne. Shi ne hanyar aradu, hadarin farkon damina a Abuja kuwa ba abin wasa ba ne ga sandar ƙarfe da ta fi rufin gida tsawo.

Abin da aka samu a filin ƙwallo sai a tabbatar da shi a gidan da eriyar za ta zauna, da ya ke can akwai kwano da tanki. A nan ne za mu iya komawa ga sama, amma da wayo. Joe Taylor, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fizis a 1993, ya fito da wani tsari mai suna WSPR a 2008. Na'ura takan aika ɗan saƙo mai rauni na minti biyu, tashoshi a ƙasashe da yawa su ji, kwamfutocinsu su rubuta ƙarfinsa da desibel a intanet, ba da son zuciya ba. In ana sauya shiri biyu bi da bi, kwana da kwanaki, ana gwada rahoton tasha ɗaya da na ita wannan tasha, hawa da saukar sama za su faɗa wa kowane gida daidai, sai ɗan bambancin gaskiya ya taso kamar mai a kan ruwa. Rahoto goma ba su isa ba, sai ɗaruruwa.

Ko an gama wannan duka, lamba ba za ta yanke mana shawara ita kaɗai ba. Bakin saiwar da ke sama yana ɗauke da wuta mai zafi lokacin aikawa, gidan haya kuwa akwai yaran maƙwabta da awaki, sai dai a ɗaga ta ta wuce kan mutum, in an ɗaga kuma wannan tsayin ne ya kamata a auna, ba inci 48 na Oregon ba. Wadda ke kwance a ƙasa tana harɗe ƙafa, jan ƙarfe a fili kuma yana da masoya da yawa cikin dare. Wanda ya yi nasara da rabin desibel yana iya faɗuwa a gaban mai gida. A yi gwajin sau biyu, a Maris kafin ruwan fari, da kuma Agusta, kowane awo a rubuta ranarsa da sa'arsa da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, a kawo wa Edita ya buga a waɗannan shafuka ko da kunnen doki aka yi. Mai jefa ƙuri'a da mai karanta lamba kuwa, ina ba da shawara a ɗauko su daga ajin tarihi, inda ba wanda ya damu ko an binne waya ko an rataye ta.